Bangon da Muka Mayar Ganga

A daminar da nake aji biyar, wajen ƙarshen shekarun saba'in, wata Laraba na dawo daga kai wa Baba abinci a masaƙar Sharaɗa, sai na jingina da bangon ɗakin karatun garinmu ina cire ƙaya. Gwiwar hannuna ta bugi bangon, na ji ya amsa, dum, kamar ƙwaryar da aka kife a ruwa. Kafin la'asar na taro ƙawayena, kowa da guntun kara, muna kiɗa muna gaɗa. Mu dai mun sami gangar banza.

Tun zamanin En'e aka gina ɗakin nan da tubali. Kaurin bangonsa ya isa yarinya ta naɗe ƙafa a bakin taga ta yi karatu, kuma nan ne wurina in na gama surfe da ɗiban ruwa. Rufinsa daurin guga ne, bakuna sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a tsakiya inda aka liƙa wata koriyar tasa, ga zankwaye a waje sun miƙe. Ko ana zafin bazara, ciki sanyi ƙalau. Malam Isyaku, tsohon malamin makarantar da ke kula da wurin, bai taɓa korar 'ya mace ba, sai dai ya ce, "Nuna hannu," ya ga ko da manja.

Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake ci. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan yi gayya, maza na cuɗa ƙasa da ciyawa, mu muna jido ruwa. Da kamfanoni suka cinye gonakinmu, jiniya ta zama mai iko da mazan garin, wannan na aikin safe, wancan na dare. Aka kira gayya, tsofaffi kaɗai suka fito. Su Baba suka ji kunya, suka haɗa kai suka shafe ginin da siminti tun daga ƙasa har zankwaye. Ina tuna Baba yana wanke hannu yana cewa, "Mun huta da yaɓe ke nan." Kowa ya yi murna, har Malam. Ba wanda ya san ruwa zai riƙa shiga ta tsagar gindin indararo ya rasa hanyar fita.

Gangarmu ta yi ta faɗi. Inda jiya ya yi shiru, yau ya amsa. Ciki ya fara warin rima, littattafai suka kumbura, jan ruwa na tsattsafowa a gindin bango ko ba a yi ruwa ba. Ran nan Malam ya fito zai kore mu, sai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa da kansa, ya kara kunne, ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babba ba sai ranar. A hankali ya ce, "Ku matsa daga nan."

Washegari ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa wa kowane yaro littafi biyu. "Amana ce, ba kyauta ba. In an gyara ku dawo da su." Ya bi gida gida yana roƙon maza, suka ce sai Lahadi, ranar hutu. Ruwa bai jira Lahadi ba. Da rana tsaka simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, abin da ke bayansa ya zama kunu, rufin ya zauna a kan kujerunmu. Baba ya dawo daga aiki ya tsaya cikin ruwan yana kallon ɓaraguzan ginin.

Yanzu tireloli ake ajiyewa a filin, jikokina kuma a waya suke karatu, ba su san sanyin soro ba. Malam ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Littattafan nan biyu suna ƙasan adakata, kuma har yau ban san wanda zan mayar wa ba.