Farantin Mak Long Sepiah

Shekara ashirin da shida ke nan ina tuƙa motar ƙanƙara a hanyar bakin teku, daga Dungun zuwa Besut, ina sauke wa masunta kaya tasha-tasha. A duk tsawon hanyar nan babu rumfar lekor, wato murzajjen kwaɓin kifi da gari, da ban ɗanɗana ba, kuma in gaya muku gaskiya, rabinsu cuta ce: gari tuli, kifin kuwa daga nesa aka nuna masa tukunya. Rumfa ɗaya ce nake taka birki dominta ko da ƙanƙarar na zuba, ta Mak Long Sepiah, a gindin wasu kwakwa uku, kaɗan bayan an wuce Marang.

Mak Long gajeriyar mace ce mai ƙarfin damtse, dariyarta da tsada. Tun tana shekara tara take murza lekor a gefen kakarta. Kifin safiya take saye, ta zare ƙaya da hannu, ta kirɓa shi da gishiri da garin sago mai kama da sitaci, ta murza a kan katako har ya yi tsawo, sannan ta jefa cikin tafasasshen ruwa. Idan ya nuna, da kansa yake tasowa. Mai son dafaffe ta tsamo masa, mai son soyayye ta yanka ta watsa a mai. Ni soyayye nake saye, na ringgit biyar, da ɗan ƙullin miyar barkono mai zaƙi. In aza ledar a cinya, ina tuƙi ina ƙona harshe, waje ƙaras-ƙaras, ciki laushi. Matata Lijah ta daɗe da daina tambayar inda man da ke jikin wandona yake fitowa.

Akwai abin da Mak Long ke yi wanda duk ƙauyen sun sani. Murzawar farko ta kowace safiya ba ta sayarwa ba ce. Takan danna babban yatsanta a tsakiyarta, ta ambaci sunan namijin gidanta da ya fita teku, ta jefa. Idan ta taso sai ta tsame, ta ajiye a wani farantin tangaran mai tsagaggen baki, ta rufe da ganyen ayaba. Ba mai taɓawa sai mai ita ya dawo ya ci abinsa a tsaye, ƙafarsa da yashi. Haka kakarta ta yi, haka uwarta ta yi.

Liman ya taɓa yi mata magana a kai. Ta ce, "Tok Imam, ni ban ce tukunya ta san gaibu ba. Allah ne Masani. Ni dai ina dubawa."

Sau ɗaya tak abin ya ƙi tasowa. Lokacin ɗanta Sulong yana rarrafe, ta jefa na mijinta Jusoh, sauran duk suka taso, shi ya kwanta a ƙasan tukunya. Ta ƙara itace, ta ƙara ruwa, har la'asar. Ba a sake ganin Jusoh ba, balle jirginsa. Da bakinta ta ba ni labarin, tana juya mai, ko kallona ba ta yi ba. A zuciyata na ce kifin ne ya kwana, ko kwaɓin ya yi tauri. Ban dai furta ba, don ina son lekor ɗina.

Sulong ya girma ya shiga teku, ba ta hana shi ba, to me kuma namiji zai yi a ƙauyen nan? Mun saba da shi ƙwarai. Da ya hango motata sai ya ɗaga murya, "Abang Embong, yau ma ruwa ka kawo mana a farashin ƙanƙara?" Ni kuma in ce masa kifayensa ko a kofin shayi ya zuba su sai sun bar wuri.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen Oktoba ne, gab da iskar damina ta rufe teku. Na iso da hantsi ban karya ba, yunwa na nuƙurƙusa ta. Mak Long ta zaga baya ɗebo itace, mai bai yi zafi ba, tire fayau. Sai ga farantin a gefe. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane shi ba, na san shi sarai. Na ce a raina, ai sai ta murza wani. Na ɗaga ganyen, na tsoma a miya, loma uku na gama da shi. Wallahi ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Ta dawo ta kalli farantin, ta kalli bakina. Na zaci za ta zazzage ni, kuma da ma ta yi hakan. Sai ta sauke itacen a hankali.

"Embong, ka ci?"

"Mak Long, yi haƙuri, yunwa ce. Ki murza masa wani mana."

"Ba a murza wa mutum biyu a rana ɗaya." Ta jawo benci da ƙafa. "Zauna. Yanzu Sulong yana cikinka. Ka zauna nan inda ya san hanya, har su shigo da la'asar. Kada ka kai min shi ko'ina."

"Haba Mak Long! Ƙanƙara tan huɗu ce a bayan motar nan. In zauna ta zama kogi?"

"Ta zama."

"To ni dai ba jirgi ba ne, ba kuma tukunya ba."

Na yi dariya na haye mota. Ta madubi na hango ta tsaye a tsakiyar titi, hannunta duk gari. Na taka mota na yi arewa, ban huta ba sai Besut.

Wajen azahar ƙishi ya fara. Na shanye gora biyu, na fasa ƙanƙara na tsotsa, bakina dai gishiri. Ina zaune cikin inuwa amma bayan wuyana na zogi kamar na wanda ya wuni a rana. Kujerar kuma tana lilo a ƙarƙashina, alhali motar a tsaye take. Na ce zazzaɓi ne ke son kama ni. Washegari da safe Lijah ta kira ni a waya, ta ce jirgin su Sulong bai shigo ba.

Na juyo kudu. Na tarar da rumfa a rufe, mata cike da tsakar gida, maza duk sun fita nema. Kudu suka nufa, domin a wannan watan duk abin da ya ɓalle a teku kudu ruwa ke kai shi, kowa ya san haka. Mak Long ta tarye ni. Ta shimfiɗa min tabarma a inuwar rumfa, ta jiƙa zane ta lulluɓe min kai da kafaɗu, ta kawo ruwan da ta tafasa a murhun itace, ta fara ba ni da cokali.

"Mak Long, ina da hannu fa."

"Ba kai nake ba wa ba. Buɗe baki."

Kwana biyu muka yi a haka. Bayan 'yan cokula sai ta tambaya, "Har yanzu da ƙishi?" In ce da shi. Sai ta ce, "Alhamdulillahi." Ni mutum ne mai gardama, ku tambayi Lijah, amma a kwanakin nan ko ɗaya ban yi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da birki ya tsinke min a gangara. Leɓɓana sun tsattsage alhali cikina cike da ruwa. Wani lokaci sai in ji ruwa na dukan katako dab da kunnena, tekun kuwa na can bayan itatuwan kwakwa.

A rana ta huɗu da hantsi abin ya sake ni lokaci guda. Lilon ya tsaya, gishirin ya bar bakina. Na tashi zaune ina murna, ni sakarai.

"Mak Long! Ƙishin ya tafi. Na warke."

Cokalin na hannunta a cike. Sai ta mayar da ruwan cikin kofi, ko ɗigo bai zube ba, ta je ta janye itacen murhu, ta aika a kira mata liman.

Da yamma wani jirgin masunta ya jawo jirgin su Sulong. Can arewa aka same su, daura da Besut. Injinsu ya mutu tun hantsin ranar farko, ya kuma ƙone Sulong a ƙirji yana ƙoƙarin gyarawa. Deris, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rayu, ya ce duk wunin nan ruwa ya yi ta jan su arewa da gudu, abin da bai taɓa gani ba a shekara talatin da ya yi a teku. Sulong ya cika ne da hantsin ranar da aka same su.

Deris ya durƙusa gabanta ya ce, "Abin da ya ba mu tsoro, Mak Long, mu biyu ƙishi ya kusa haukata mu. Shi kuwa tun daga rana ta biyu sai ya riƙa buɗe baki yana haɗiya. Yana cewa ruwan na ƙanshin hayaƙin murhunki."

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, ba na ja da wannan. Amma na san inda na kai motata ranar, na kuma san wadda ta ce min in zauna. Abin nan ya ci ni, har yau bai daina ba.

Bayan sadakar arba'in ta buɗe rumfa. Wata uku ina wucewa a guje, idona a kan kwalta. Wata safiya ta fito ta tsaya a tsakiyar titi ta ɗaga hannu, dole na taka birki.

"Kai Embong, wata mai lekor ka samu? Wace ce ita, in je in koyi hannu?"

Na sauko kamar ɓarawon kaza. Ta zuba min na ringgit biyar, ta ƙulla miya. Sai idona ya faɗa kan farantin nan mai tsagaggen baki, a rufe da ganye. Ita kuwa ba ta da sauran namiji a teku.

"Na wane ne wannan, Mak Long?"

"Naka. In ka dawo daga Besut ka ci. A tsaye."

Shekara bakwai ke nan ina tsayawa sau biyu, da tafiya da dawowa. Ta tsufa yanzu, amma har gobe babu mai murza lekor irin nata a hanyar nan.

Talatar da ta wuce na iso da hantsi na tarar da ita tsaye a kan tukunya, ludayi a hannu. Sauran duk sun taso ta tsame, suna kan tire suna tururi. Farantin na gefe babu komai a cikinsa, nawa bai taso ba. Ta sunkuya ta ƙara itace.

Ba ta juyo ba ta ce, "Embong, ƙanƙara tan nawa ce yau?"

"Huɗu, Mak Long."

"Zauna."

Na koma na kashe mota, na zare makulli, na jawo benci. Har la'asar muna zaune ni da ita, muna jin ruwa na ɗiga daga bayan motar yana bin kwata zuwa teku.