Baba Mai Aski da Hoton Gada

Shekara hamsin da ɗoriya Baba Mai Aski ya yi yana tsaye a bayan mutane, a shagonsa mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi. Fuska ba ta dame shi ba. Sai ka gaishe shi a hanya ya yi ta kallonka kamar baƙo, amma kana juya baya zai kira ka har da sunan kakanka.

Ni ne sakataren ƙungiyar adana tarihin garinmu. Bara aka kawo mana hoto ɗaya tilo na ranar da aka buɗe tsohuwar gada. Murna kamar mu yi tsalle, sai da muka duba da kyau: mai hoton, Allah ya jiƙansa da shirmensa, daga bayan taro ya ɗauka. Ƙeya zalla! Shugabanmu ya ce a mayar da shi cikin kwali. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mahaifina yana cikin leburorin da suka gina gadar, ya kuma rasu ina goye, bai bar hoto ko ɗaya ba.

Na kwashi hoton sai shagon Baba. Ya bar wani da rabin aski, ya maƙala tabarau.

"Kai! Ga mai gyaran agogo, dubi tabon wuyansa. Wannan direban tifa ne, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Rubuta mana, ɗana, me kake jira?"

Kafin ka ce me, shago ya cika maƙil. Tela ya baro kekensa, mai rabin aski ya manta da kansa yana ihun ga kawunsa. Suna ashirin da bakwai na rubuta.

Sai yatsan Baba ya tsaya a kan wani dogo da shebur a kafaɗa. Ya tashi mai rabin askin, ya ce in zauna. Ya ɗaga wani ƙaramin madubi a bayana.

"Dubi taka, ka dubi tasa."

Kwarmin ƙeya ɗaya, kunnuwa a baje iri ɗaya.

"Ranar da ka fara zama a kujerar nan na gane ka," in ji Baba. "Duk sati biyu nake masa aski."

A gaban mutane na yi kuka, ban ji kunya ba. A layi na ashirin da takwas na rubuta: Babana.