Doktan da Ba Ya Allura

A gida Auta ake ce masa, a jami'a kuwa Dokta. Sai dai fa Doktan nan ko allura bai taɓa yi wa kowa ba, jini ma idan ya gani sai jiri ya ɗebe shi. Ofishinsa ɗan tsukuku ne a ƙarshen baranda, da fanka mai ƙara da kwamfuta biyu. Nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tankaɗe da rairayar bayanan ƙwayoyin halittar masu ciwon daji, mutanen da bai san fuskar ko ɗayansu ba.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da keken ɗinki ta tsaya masa har ya zama mutum. Ba ta taɓa gane aikinsa ba. Takan tsokane shi cewa shi likitan kwamfuta ne, ran da kwamfutar ta yi mura sai ya rubuta mata magani. Amma a bayan idonsa, wayyo, har maƙwabta sun gaji da labarin Auta.

Abin da ya fito da sunansa wata hanyar lissafi ce. A ɗebi tsokar ƙari a auna, a zuba sakamakon, lissafin ya faɗi ko wani magani mai ƙarfi zai yi wa marar lafiya aiki, ko wahala kawai zai sha a banza. Masu bincike suka yi ta kafa hujja da shi a mujallu, asibitoci suka karɓa. Ya ji daɗi, gaskiya, har da ɗan ɗaga kafaɗa.

Sai ƙari ya fito wa Yaya a nono. Ta ɓoye, irin nata, har ya yi nisa. Aka yi aiki, ciwon ya dawo. Duk fatan da ya rage ya koma kan maganin nan.

Ranar karɓar sakamako shi ya kai ta. Likitan, wani matashi, da jin sunansa ya miƙe tsaye ya gaishe shi hannu bibbiyu. Cikin Turanci ya ce ai da lissafinsa suke aiki a nan. Sannan ya juyo masa da allon kwamfutar, murya ta yi ƙasa. Yaya ta faɗa cikin waɗanda maganin ba zai amfana ba, kuma asibitin ba ya ba irinsu.

Auta, shi ma cikin Turanci, ya shiga kushe aikinsa da bakinsa: mutanen da aka gina lissafin a kansu ba su da yawa, akwai inda yake kuskure, a dai gwada mata. Ƙarya yake yi, kuma ya sani.

"Ranka ya daɗe," in ji likitan a hankali, "mun daɗe muna bin sa. Bai taɓa ba mu kunya ba."

Yaya ba ta jin Turanci. Suna fitowa ta dafa kafaɗarsa, nauyinta bai fi na yaro ba, fuskarta cike da fara'a.

"Ka ga yadda ya miƙe maka? Allah na gode maka." Ta tsaya ta ja numfashi. "To Autana, yaushe ya ce za a fara ba ni maganin?"