Finjalin Tabawa

Abin da idona ya fara kamawa a barandarmu ta unguwar Ainu Shams shi ne finjali na biyar. Mu huɗu ne: ni, yayata Sa'adiya, Umma da Kaka. Amma kullum bayan magariba, idan Kaka ta hura gawayi a kasko ta dafa gahawa, sai ta cika biyar.

"Kaka, na waye wannan?"

"Na kishiyarki ne, sarkin tambaya. Matso."

Ranar ta ba mu labarin Tabawa, kakarta. Unguwarzoma ce a wani ƙauyen ƙasar Hausa, doguwa, mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga rijiya. Wata rana ta yaba kyan wani jariri, sai ya kwanta ciwo. Aka ce ta kama kurwarsa. Aka sa ta tsallake shi gaban mai gari, ta tsallaka tana kuka, yaron bai tashi ba. Aka jefa ta kogi.

Mijinta ya saɓa 'yarsu a kafaɗa ya nufi gabas, har Sudan. A can ya koyi shan gahawa, kuma har ya rasu bai taɓa zuba nasa ba sai ya zuba nata.

Ni da yake kaina ya cika da littattafan soyayya, nan take na ƙudura sai irin wannan mijin.

Umma kuwa ta rage murya. "Inna, ki bar kiran sunan nan. Mutane cewa suke maita gado ce. Wa zai auri yaran nan?"

"Ma'alish, ba komai," in ji Kaka, tana fifita wuta. "Wanda finjali ya kora, ai mun huta da shi."

Shekaru suka wuce. Da Bashir, ɗalibi daga Najeriya, ya zo neman aurena, Kaka ta ajiye masa tire ta faɗa masa komai. Ya ɗaga hannu ya yi wa Tabawa addu'a, ya tambaya ko akwai ƙarin sukari.

Na daɗe ina zaton labarin soyayya Kaka ta ba mu. Sai da na girma na gane wanke sunan wadda aka zalunta take yi, kullum, da ruwan zafi.

Kaka tana nan, idonta ya dushe. 'Yarmu Tabawa ce ke riƙe mata buta. Da aka so sakaya sunan da Ummi, Kaka ta ƙi. Daga baranda take ƙwala mata kira, duk layin na ji.