Ranar da Inna ta hana a taɓa kunnen Sadiku

Ma'aikacin asibiti na kama kunnen ɗana Sadiku, da 'yar reza a hannunsa, sai mahaifiyata ta yi wuf ta riƙe shi.

"Kai yaro, namiji ne fa! Kunne za ka huda masa? Da wane ido zan koma Sandamu?"

Wani farin tabo ne ya fito wa Sadiku a baya, ko an mintsine shi ba ya ji, shi ya kawo mu Daura.

Mutumin ya danne dariya. "Inna, ba huji ba ne. Fatar zan ɗan kankaro a kai ɗakin gwaji. Akwai na'urar da ke gano ƙwayar halittar cutar kuturta komai ƙanƙantarta, tun ba ta taɓa yatsu ba."

Inna ta kalli yatsun jikanta. Sai ga ta da kanta tana juyo masa ɗaya kunnen.

"Haɗa da wannan. In ɗankunne ma za a sa masa, ni zan zaɓo."

Sakamako ya nuna cutar ce, amma an tare ta da wuri. Yana shan magani, yatsunsa goma ras.

Ku fa, wace rigima tsofaffinku suka taɓa tayarwa a asibiti?