Kwamfutar Ofis a Rumbun Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwar aiki, yawancinsu sun bi ruwa, amma akwai guda ɗaya da nake jin ko tsufa ya zo ya kwashe min tunani zai bar min shi. Shi ne abin da ya biyo bayan haɗa kwamfutar ofis da na yi da rumbun gidanmu a Rano. Har yau in na shiga taro na ga ana ƙoƙarin kunna majigi, sai abin ya dawo min sabo.

A lokacin wata ƙungiyar raya noma ce ta ɗauke ni aikin gwaji, aka ce in na taɓuka abin kirki zuwa kaka za a tabbatar da ni. Na sha zaman benci kafin wannan ya samu, don haka na riƙe shi hannu bibbiyu. Baba kuwa tun ranar da na shigo gida da jakar laftof a kafaɗa ya sanar da duk majalisarsa cewa ɗansa ya zama ma'aikaci, bai ga amfanin ambaton kalmar gwaji ba.

Aikina shi ne in zaga gonakin gwaji a Saji da Madachi da ƙauyukan Kibiya ina ɗaukar hoto. Kowace gona an raba ta biyu, rabi an shuka irin da manomi ya saba, rabi an shuka namu. Hoton rabin farko muna rubuta masa "Kafin zuwanmu", na biyu "Bayan zuwanmu", ko da yake rana ɗaya ake ɗaukarsu. Ogana ya koya min sana'ar tun makon farko. Ya ce, "Hoton kafin zuwanmu shi ne jarinmu. Ka nemi kusurwar da ciyawar wuta-wuta ta fi ci, ka tsayar da mai gonar a ciki da kayan aikinsa. In ya yi murmushi ka sake ɗauka. Masu tallafi ba sa kwance bakin jaka don sun ga mutum ya ƙoshi."

Mafi kyawun hoton da na samu, a ma'aunin Oga, na kawuna ne na Saji, yayan mahaifiyata. Na same shi a gona da wata 'yar shara da ta sha faci har an rasa wane ne asalin yadin, dawar kuma ko ƙugunsa ba ta kai ba. Ya tsaya min da farin ciki don ɗan ƙanwarsa ne ya roƙa, na yi ta fama da shi ya daina dariya. Da Oga ya ga hoton sai ya ce wannan shi zai buɗe jawabin da zan gabatar a gaban baƙi daga hedikwata, kuma daga wannan jawabi za a yanke maganar tabbatar da ni.

To, bari in faɗi mene ne rumbu. Yayana, babbanmu, motocin ɗaukar hatsi gare shi da ke jigila daga kasuwannin wajenmu zuwa Kano, kuma mutum ne da in ya ga sabuwar na'ura a birni ba ya samun sukuni sai ya kawo ta gida. Shi ya sa mana sola, ya sa waifai, sannan ya ajiye wata tsohuwar kwamfutar tebur a falonsa ya buɗe ta yadda duk wanda ke kan waifan gidan zai iya zuba abu a ciki ko ya ɗiba. Hotunan suna da na biki, karatun malamai, bidiyon motocinsa ana lodi, duk suna can. Baba ne ya raɗa mata suna rumbu.

Laftof ɗina ya cika da hotuna, ga shi kullum ina kan babur da shi a tsakiyar damina, sai na ga dabara ce in ajiye kwafin aikina a rumbu. Ashe kwamfutar ofis tana da girman kai. Na nemi rumbu ta ce ba ta gan shi ba, alhali ga shi can ina hango shi ta taga. Na kira mai kula da na'urorinmu a ofis, ya ce, "A hukumance ban ji abin da ka ce ba," sannan ya karanta min matakan ɗaya bayan ɗaya. A wani mataki kwamfutar ta tambaye ni ko wannan hanyar sadarwa ta jama'a ce ko amintacciya ce. Na ce amintacciya ce mana, gidan ubana ne. Daga nan ta ga rumbu. Na buɗe folda da sunana, na saita ta yadda duk sanda na shigo gida abin da ke laftof da abin da ke rumbu za su daidaita da kansu, wanda ya fi sabunta ya maye gurbin tsohon. Na sa lambar sirri, na ji kaina kamar injiniya.

Ba a kwana biyu ba Baba ya aiko kirana zaure bayan la'asar. Na tarar da Yaya zaune a gefensa ya sha mur.

Baba ya ce, "An ce ka gina ɗaki a rumbun yayanka ka sa masa kwaɗo."

Na ce, "Baba, dokar ofis ce. Kayan aiki ne a ciki."

Ya ce, "Ofis ne ya sa solar ko yayanka? A gidan nan ko tukunyar miya ba a kullewa. Su wa kake tsoro, uwarka ko ni?"

Yaya ya ce, "Ni ba abin da ya dame ni da kayansa, Baba. Abin dai da ciwo ne, ka taɓa abu a cikin falonka ya ce maka kai wane ne."

Na so in yi bayani, amma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san akwai bayanin da in ka fara shi sunansa rashin kunya. A gabansu na cire lambar. Baba ya sa min albarka, ya ce yanzu na nuna boko bai ɓata ni ba.

Washegari na tafi ƙauyukan Kibiya na kwana biyu-uku ina shirya manoman da za su halarci taron. Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji shi daga bakin Yaya, yana ba ni labari da alfahari. Mutumin da ya ce ba abin da ya dame shi da kayana, ina fita ya buɗe jawabin, hoton farko ya ci karo da Kawu. Ya kira mahaifiyarmu ta gani. Ta zauna ta yi kuka, ta ce yanzu yayanta za a haska a bango a gaban baƙi da wannan tsumma, mutumin da ya aurar da 'ya'ya yana da surukai a gari uku. Baba ya ce yaro ne, bai san inda ke masa ciwo ba, kuma aikin manya ne su gyara ɓarnar yaro ba tare da sun kunyata shi ba. Aka yanke cewa kada a gaya min, domin rufin asiri in aka yi shelarsa ya tashi daga rufin asiri.

Baba ya fito da babbar rigarsa ta Sallah da hula. Yaya ya ɗauki mota ya je Saji ya ɗauko Kawu, ya wuce da shi Rurum Tsohon Gari, gonar wani amininsa da Fulani suke sauka da shanu duk rani. Dawar wannan gona in mutum ya shiga sai dai a ji muryarsa. Nan aka tsayar da Kawu, ya gyara riga, ya yi murmushin da na hana shi. Yaya ya dawo ya cire hotona ya sa nasa. Da ya ga aikin ya yi kyau sai ya bi sauran hotunan "Kafin zuwanmu" duk ya musanya su da wasu kusurwoyin gonar Rurum, don a cewarsa sauran manoman ma suna da dangi. Na "Bayan zuwanmu" bai taɓa su ba, ya ce waɗannan ba laifi.

Ranar taro da safe na biyo gida in yi wanka in sauya kaya. Na buɗe laftof don in duba saƙo, na bar shi a kan tabarma ina shan koko. Shi kuma ya gaisa da rumbu, ya ga an samu sabo, ya karɓa ya yar da tsohon, kamar yadda na umarce shi da hannuna. Na lura mahaifiyata tana ta yi min addu'a fiye da kullum, Yaya kuma yana wani murmushi, na ɗauka duk ƙauna ce.

Zauren taron a Kibiya ya cika. Ga wata Hajiya daga hedikwata a kujerar gaba da tabarau, ga Oga kusa da ita, ga manoma. Kawu yana layin farko da 'ya'yansa manya da surukansa biyu, ya gayyato su don an ce za a nuna shi. Na yi sallama, na fara da muryar tausayi da na kwana ina gwadawa. Na ce, "Wannan shi ne halin da muka tarar da bayin Allah a ciki." Na danna.

Ban juya na kalli bangon ba sai da na ji zauren ya ɗauki wani irin guna-guni na sha'awa. Ina juyawa na ga Kawu cikin rigar Baba, fuska tana sheƙi, dawa ta yi masa rumfa, a ƙasa an rubuta "Kafin zuwanmu". Hannuna ya danna na gaba da kansa. Sai ga rabin gonarmu na sabon iri, wanda jiya nake alfahari da shi, dawa iya kafaɗa, an rubuta "Bayan zuwanmu". Na ci gaba da dannawa ina fatan kuskuren guda ɗaya ne. Kowane ƙauye haka, kafin mu zo daji ne na dawa, da muka zo ta rage tsawo.

Hajiya ta sauke tabarau ta ce, "Malam, in na fahimta, kafin ku zo dawa ta fi mutum tsayi, da kuka zo ta dawo kafaɗa?"

Wani dattijo daga baya ya ce, "In haka ne ranki ya daɗe, a taimaka a dawo mana da namu irin." Aka yi dariya, har da waɗanda suka san gonakinsu ba su taɓa yin haka ba.

Oga ya taso ya matso kusa da kunnena. Ya ce, "Hotunan asali suna wayarka?" Na ce suna nan. Ya ce, "Haɗa ta da majigi yanzu, ka fara da na tsohon nan mai tsumma. In ba haka ba ka manta da maganar tabbatarwa."

Na ciro wayar, har na kama igiyar. Sai idona ya faɗa kan Kawu. Ya juya yana taɓa gwiwar surukinsa yana cewa, "Ka gan ni ko? Ɗan ƙanwata ne ya yi wannan aikin." Surukin yana gyaɗa kai da girmamawa. Ina son aikin nan, Allah ya sani, kuma a wannan lokacin haushin Yaya kamar ya kashe ni. Amma na rasa yadda zan yi in tuɓe wa dattijon nan riga a gaban mutanen da ya gayyato. Na mayar da wayar aljihu na ce, "Oga, ka yi haƙuri, ba zan iya sa shi ba."

Ba a tabbatar da ni ba. Dalilin da aka faɗa min shi ne na haɗa na'urar ofis da hanyar sadarwar da ba a amince da ita ba, kuma wannan gaskiya ne. Ranar da zan mayar da laftof Oga ya ja min kunne kada in goge komai a ciki, dukiyar ƙungiya ce. A gida Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, dama aikin da zai sa ka tona asirin kawunka ba aiki ba ne. Yaya kuwa har fushi ya yi da ni na ƙin godiya, ya ce shi da ya bar lodi ya tafi Rurum saboda ni.

Da sabuwar shekara ta zo, Yaya ya shigo da wata kalanda da aka raba a kasuwa, ta ƙungiyar da ta sallame ni. A shafin gaba ga Kawu cikin rigar Baba, a gonar Rurum da ko ƙwaya ɗaya ta irinsu ba ta taɓa gani ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, "Bayan zuwanmu". Baba ya sa aka kafa ta a zaure, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa rigarsa. Kawu ma an kai masa tasa Saji, shekarar ta wuce bai sauke ta ba.

Na samu wani aikin daga baya, kuma laftof ɗin da suka ba ni bai san gidanmu yana da waifai ba. In ƙaramin ma'aikaci ya tambaye ni yadda ake haɗa kwamfutar ofis da ta gida, nakan ce matakan ba wuya, amma ya fara tambayar kansa ko zai iya hana babansa lambar sirri. Wannan shi ne ƙaramin darasin. Babban kuwa a zauren Kibiya na koye shi, da igiyar majigi a hannuna. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar hoton mutum ba sai wanda na san zan iya haskawa a bango yana zaune tare da surukansa.