Tabon da ke tsakiyar maɓalli

Dogo, Allah Ya jiƙansa, mai gyaran mazubin da ake zuba narkakkiyar roba ne a wata 'yar masana'antar roba. Aikinsu maɓallai masu haske, irin na lif ɗin hawa bene da ake dannawa su kama wuta. Idan fuskar maɓalli ta cika santsi, ƙwan fitilar da ke ƙarƙashi sai ya fito tsuru kamar idon mage. Shi ya sa Dogo kan bi cikin mazubin ƙarfen da samfefa mai laushi, ya ba shi ɗan kaushi, hasken ya bazu lumui har gefe. A robar kuma akan zuba farar hoda mai baza haske. Ta yi yawa haske ya mutu, ta yi kaɗan ido ya fito.

Yana da kwali mai huji da fitila a ciki. Sai ya ɗora maɓalli a kan hujin, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya runtse idon hagu, ya duba da na dama. Tun yana saurayi haka yake yi. Amininsa mai injin zubi kan tsokane shi, "Malam mai duba, me ka gano mana yau?" Shi kuma daga cikin ƙyallen ya ce, "Na gano aikinka ba kyau."

Wata safiya ya fito daga ƙyallen ba dariya.

"Akwai tabo a tsakiya. Hodarka ba ta gauraya ba."

Mai inji ya sake gauraya hodar, ya sake zubi. Tabo na nan. Aka rage hoda, yana nan. Dogo ya kwance mazubin, ya goge, ya sake gogewa har yatsunsa suka yi jawur. Kafin azahar bokitin da ke gefensa ya cika da maɓallan da ya ƙi.

Mai inji ya karɓi ƙyallen ya leƙa da kansa. Haske fari tas, ko ɗigo babu. Ya daɗe a ciki, don bai san da wane baki zai fito ba.

"Aminina," ya ce a hankali, "duba da ɗaya idon mana."

"Da wannan na saba."

"Na sani. Gwada dai."

Dogo bai karɓi ƙyallen ba. Ya juya ya kalli farin bango, ya rufe idon hagu da tafin hannu. Ya kalli taga, ya kalli fuskar amininsa, duk inda ya kai ido tabon ya riga shi zuwa.

"Ba na ganin hancinka," ya ce.

"To ai ba ka yi asarar komai ba," in ji mai inji. Ya so su yi dariya, dariyar ba ta zo ba.

Likita ya ce ciwon a can bayan idon yake, kuma yakan tsallaka zuwa ɗayan. Bai faɗi yaushe ba. Daga ranar tsoro ya tare a ƙirjin Dogo. Ya koma duba maɓalli da idon hagu, amma kowane ya ɗora sai gabansa ya faɗi. In ƙura ta sauka a kai, sai ya daskare, ya kasa ko hure ta. Sai ya kira da ƙaramar murya, "Zo ka gani, tabon nan nawa ne ko naka ne?" Mai inji ya bar injinsa ya zo a guje. "Nawa ne, wallahi nawa ne. Ƙura ce." Sannan Dogo ya saki numfashi.

A gida ya ɓoye, har matarsa ta kama shi yana kallonta da hannu a kan ido ɗaya.

"Baban yara, wannan wane sabon salo ne?"

Ya gaya mata. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

Ranar da abin ya tsallaka zuwa idon hagu, ya kira amininsa kamar kullum. Mai inji ya leƙa, haske tas, ko ƙura babu, ya fito ya ajiye ƙyallen. Dogo ya gane. Ya wanke hannunsa, ya nemi a raka shi gida.

Da suka isa gida, matarsa ta taso ta durƙusa a gabansa. Ya lalubo hannunta.

"A'a, ba nan ba. Dawo gefena. Ta gefe nake ganinki."

A gefensa ta zauna har Allah Ya karɓi abinsa.